Mai Agogo Yana Hawa Na Bakwai

Litinin, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin na jikata ne, 'Yar Boko. Ta rubuta shafi uku ta gaji, ta jefar da shi bayan kujera. Na yage ukun, saura nawa. Wanda ya ga rubutun nan kamar sawun kaza ya yi haƙuri, aji huɗu na yi, kuma rabin lokacin ina waje ina shan hukuncin surutu.

Yau kwana huɗu da suka kai mai gidana asibiti. Mai Agogo, haka kowa ke kiransa, har ni. Gidan ya yi tsit, sai agogunansa. Goma sha ɗaya ne a falo kaɗai, na mutanen da suka kawo gyara tun yana da shago ba su dawo ba. Babu biyu a cikinsu da suka yarda da juna. Shi ne alƙalinsu, kullum da safe sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya wana su, ya sasanta su. Yanzu kowa na faɗin abin da ya ga dama, kamar 'ya'yana.

Wai yana hawa na bakwai.

Talata, bayan azahar

Uwar Kaji ta zo ɗaukar masa abinci. Ita ce babbar 'yata, shugabar makaranta guda. In ta yi tari yara ɗari shida ke nutsuwa, amma ɗan tsako ya nufo ta sai ta hau tebur. Ni na raɗa mata sunan tun tana shekara shida, ya bi ta har gidan miji. Ƙanenta Injiniya, mai gina gadoji, tsaka ce ajalinsa. Kowa a gidan nan na san maganinsa. Duk ranar da aka taru, in an ci an sha sai a ce, "Inna, a ba mu na tsaka," in tashi in kwaikwayi yadda ya fito daga banɗaki da kumfa a ka, tawul a hannu maimakon a ƙugu.

Uban gayyar kuwa shi ne Mai Agogo. Allura. Mutum da gemunsa, in ya ga nas ta ɗaga sirinji sai ya fara lallashi: "Babu na sha ne, 'yata? Ko ƙwaya ashirin ce zan haɗiye." Shekara hamsin da ɗaya ina ba da labarin nan a gaban mutane, yana zaune yana murmushi yana goge tabarau.

Ta ce, "Inna, shirya mu tafi." Na ce gwiwa. Ta ce, "Ai ba takawa za ki yi ba, akwai lif." Na ce na jiƙa wanki.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Na jiƙa wanki da gaske, don kada in zama maƙaryaciya.

Alhamis, la'asar

Na je. A shaida, na je.

Injiniya ya kai ni a motarsa. Ƙasan asibitin fili ne fetal, bencuna a jere, daɓe na sheƙi kamar an shafa masa mai. A can ƙurya ga abin nan. Ƙofar ƙarfe biyu, ba taga, ba mariƙi. Ina tsaye ina kallo ya haɗiye mutum tara har da mai ciki, ya rufe baki. Da ya sake buɗewa wasu ne daban suka fito. Na ce wa Injiniya, "To waɗancan fa?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasana ne na kullum. Ribar a san ka da barkwanci ke nan, ko kuka kake yi sai a ce ka iya.

Na ce warin magani ya hau mini kai, bari in sha iska, ya yi gaba. Na zauna dab da ƙofar fita. Can ya sauko ya ce, "Baba ya ce ki koma gida ki huta, kada ki wahalar da kanki."

Da muka fito na ƙirga tagogi daga ƙasa, ɗaya, biyu, har bakwai. Akwai mutum a jikin wata taga. Na ɗaga masa hannu. Injiniya ya ce ɗakin Baba ta baya yake.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Agogon kan talabijin ya tsaya. Ban san inda Mai Agogo yake ajiye makullin ba.

Na tuna shagon. Ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Shi yana ciki, gilashi maƙale a ido ɗaya, ni ina kan benci a waje ina kore masa masu ciniki da surutu. Yakan ce ni ce rediyonsa, sai dai ba ni da wajen kashewa.

Asabar, hantsi

'Yar Boko ta zo taya ni zama. Ta fi ni tsawo yanzu, amma sai ta kwanta a cinyata ta ce, "Kaka, a ba ni na yarinyar akwati." Uwarta ma da shi ta tashi.

Wata yarinya ce mai rawar kai, shekararta bakwai. Ana wasan ɓuya ta ce yau ba mai ganinta. Ta shige akwatin katakon uwarta, inda ake ajiye barguna, ta ja murfi. Ƙugiyar ta faɗa da kanta, ƙyat. Aka neme ta aka gaji, aka kira yara cin abinci, aka manta da wasa. Ita kuwa tana ciki tana murna ta cinye kowa. A nan nake kumbura kumatu, yara su fashe da dariya. Sai da yamma uwar ta zo ɗaukar wani abu ta same ta, ta jiƙa barguna uku.

Akwai abin da ba na sawa a labarin. Warin kafur. Yadda bargo ke cinye ihu. Farcen da ya ɓare a jikin murfi.

Yau ina kaiwa wajen "ƙyat" na ce mata na bar ruwa a kan wuta.

Lahadi, bayan azahar

Makonmu na farko da aure, a ɗaki ɗaya muke, can bayan shagon. Ina kunyarsa, yana kunyata, shayi ma a juye muke sha. Kullum in za a rufe ƙofa sai in tura takalmina a bakinta, in bar ɗan tsagi kamar yatsa biyu. Ya gani rana ta farko, ya gani ta biyu. Ta uku na dawo daga famfo na tarar ya kwance sakatar gaba ɗaya, tana kan teburinsa cikin ƙananan ƙusoshi. Ya ce, "Ta lalace." Bai ko dube ni ba.

Gida huɗu muka zauna a rayuwarmu. A kowanne, sakatar ɗakinmu lalacewa take yi a makon farko. Yara suka tashi suna yi masa tsiya: Baba na gyara agogon da bai kai ƙwayar wake ba, amma sakata ta gagare shi. Ni ma ina taya su. Wallahi ina taya su, har na fi su.

In za mu yi tafiya kuwa, shi ke riga kowa shiga mota ya kama mini gefen taga, ya ce wa mutane matarsa na amai. Ban taɓa amai a mota ba.

Bai taɓa tambayata ba. Ban taɓa gaya masa ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na saci jiki. Na ce wa maƙwabciya za ni kasuwa, na tari tasi. Na tambayi mai gadin asibitin matattakala, ya dubi sandata ya nuna mini lif. Na ce, "Matattakala na ce, ɗan nan, kunnenka ƙalau?"

Kowane hawa taki ashirin da biyu ne, na ƙirga. Da can irin wannan da goyo a baya nake hawansa, da bokiti a ka. Na farko na gama shi ina waƙa a zuci. Na biyu ina salati. A tsakiyar na uku gwiwar hagu ta ce ita a nan za ta sauka. Na zauna daɓas.

A nan mai goge-goge ta same ni, wata dattijuwa siririya da bokitinta. Ko sannu ba ta ce ba.

"Hawa nawa za ki?"

"Bakwai."

"Da wannan ƙafar? Sai jibi." Ta zauna kusa da ni. "Ashe ke ma 'yar ƙungiya ce."

Na ce wace ƙungiya? Ta ce shekararta goma sha biyu tana goge ƙofar abin nan, ta san su kaf. Akwai masu duba waya. Akwai masu cewa "ku wuce, ina jiran wani." Akwai wani babban likita da kullum matattakala yake bi, wai motsa jiki. "Ni ke goge guminsa, ni zai gaya wa motsa jiki?"

Na ce ke fa? Ta ce ita kyanwa. In ta ga kyanwa a baranda sai ta bar mata bokitin ta yi gaba. Na buɗe baki zan yi halin nawa, har na samo mata suna mai daɗi, sai na rufe. Karo na farko a rayuwata.

Ita ta sauko da ni, taki-taki, hannuna a wuyanta.

Talata, da safe

Gwiwa ta zama kabewa. Na ce wa Uwar Kaji santsi ne ya kwashe ni a banɗaki. Ta kawo tabarmar roba ta shimfiɗa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Injiniya ya haɗa ni da Mai Agogo a waya. Muryarsa ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya.

"Wa ke magana?" in ji shi.

"Budurwarka ce, mai sanda. Sau nawa suka huda ka yau?"

"Huɗu."

"Ka tambaye su ko akwai na sha?"

"Na tambaya. Sun ce mai haɗa shi bai iso ba tukuna." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Na riƙe wayar nesa da kunne ina kallon bango.

Da can in za a yi masa allura ni ke raka shi. In tsaya a gabansa in fara shirga masa ƙarya, wai maƙwabcinmu ya rina gemu ya fito kore. Kafin ya ce "Haba dai?" an gama. Yanzu ban san wa yake kallo ba.

Ya ce, "Kina wana agogunan?" Na ce ban ga makulli ba. Ya ce yana cikin gwangwanin shayi, inda yake shekara talatin. Sannan ya ce, "Kada ki zo. Nan sama ba abin kallo, rufin gidajen mutane ne kawai." Na ce dama wa ya ce maka zai zo.

Alhamis, bayan azahar

Uwar Kaji ko zama ba ta yi ba.

"Inna, kwana goma sha huɗu. Maƙwabta sun je. Mai gyaran famfo ya je. Mutane na tambayata ina matarsa, in ce musu me?"

"Ki ce tana wanki."

"Ba wasa nake yi ba!"

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. Ta faɗi abin da likita ya ce. Ba zan sa shi a littafin yarinya ba.

Sannan ta ce, "Baba ya gaya mana komai." Na ɗauka asirina ya tonu. "Ya ce kun yi faɗa kafin a kai shi, ya yaɓa miki magana mai zafi, ya ce kada ki kuskura ki taka inda yake. Ya ce laifinsa ne. To ko me ya ce miki, Inna, yanzu lokacin riƙo ne?"

Mutumin da ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri kafin ya kora. Wai shi ne zai yaɓa mini magana. Yana kwance, roba a hanci, roba a hannu, yana ƙera mini ƙarya, kuma ya ɗora wa kansa.

Na ce mata zan duba. Ta ɗauki kwanon abinci ta fita, ba sallama.

Juma'a, azahar

Wanzami ba ya son jarfa.

Na wana agogo goma sha ɗaya, na saita su da na waya. Kafin in gama shan shayi sun sake rabuwa.

Asabar, la'asar

Na yi wa Injiniya dabara. Na ce ba za a sauko da shi ƙasa ba, ya riƙa ganin mutane? Ya ce injinan da ke taimakonsa a can suke, ba sa sauka. Na ce, "To kai da kake gina gada, ba za ka iya gina mini..." Ya ce gina me? Na ce, "Tsaka a bayanka!" Ya yi tsalle ya ture kofi. Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya sunkuya yana tsince gilasai, na ga tsakiyar kansa ta fara sanƙo irin na ubansa.

Yana sunkuye ya ce Talata da safe za su shiga da shi ɗakin aiki. Wai likita ya ce duk mai son ganinsa ya gan shi kafin nan.

Lahadi, ƙarfe uku na yamma

Na shiga sito na ja ƙofa har ta rufu. Na ƙirga zuwa tara. Mai goge-goge ta ce abin nan yakan kai sittin.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na kira Uwar Kaji tun kafin ta wuce makaranta. Ta zo fuska a ɗaure, jaka a kafaɗa. Na ce zauna. Ta ce tana sauri. Na ce, "Yarinyar nan ta cikin akwati."

"Inna, don Allah, ba yau ba."

"Barguna huɗu ne, ba uku ba. Na rage ɗaya don mutunci."

Ta tsaya cak. Ta sauke jakar a hankali, ta zauna.

"Ke ce?"

"To da wa?"

"Lif ɗin ke nan?"

"Shi."

"Sakatar fa?"

"Sakata lafiyarta ƙalau. Duk huɗun."

Sai ta fara dariya. Ta riƙe ciki, ta zame daga kujera har ƙasa, shugabar makaranta guda. "Shekara arba'in da huɗu! Uwar Kaji! A gaban surukaina! A gaban ɗalibaina!" Na ce yi, ranarki ce, rana dubu ta ɓarawo. Ban san inda dariyar ta ƙare ba, na dai ga kanta a cinyata, zanina ya jiƙe. Ta ce, "Ashe ba ku yi faɗa ba." Na ce da wa, da wancan?

Ta buga waya makaranta ta ce yau ba ta zuwa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Daga hawa na bakwai nake rubutu. Sawun kazar ya ƙara lalacewa.

Kada wani ya ce na yi jarunta. Sau uku ƙofar na buɗewa ina cewa, "Ku wuce, ina jiran wani." Mai goge-goge tana gefe da sandar gugarta tana kallon silin kamar ba ta san ni ba. A na huɗu ta zo ta tokare ƙofar da bokiti, ta ce wa mutane za ta goge ciki, su ɗan jira. Uwar Kaji ta kama hannuna ta ce, "Rufe ido." Na ce a'a, duhu ya fi muni. Ta ce, "To kalle ni."

Ya rufe. Ƙasa ta taso ta danne mini ciki. Na ji kafur, wallahi na ji shi, a wurin da babu bargo ko ɗaya. Na yi ihu. Na kira uwata da ta shekara arba'in a ƙasa. Uwar Kaji na cewa, "Biyu, Inna. Uku, Inna," da muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya. A huɗu ya tsaya ya buɗe. Na yunƙura zan fita, ta rungume ni ta baya. Wani mai farar riga da zai shigo ya ga tsohuwa a durƙushe tana yaƙushin bango, ya ja da baya ya ce mu wuce, yana jiran wani.

Sawun farcena biyar suna nan a damtsenta. Ta ce za ta nuna wa Injiniya, kuma ranar da aka sake taruwa ita za ta ba da labari. Na ce ki sa gishiri sosai, ba na son labari lami.

Mai Agogo ya rame. Ba zan ce fiye da haka ba. Gemun ma kamar ya yi masa yawa. Ya dube ni, ya dubi gwiwata a naɗe, ya dubi 'yarsa.

"Ta matattakala?"

"A'a."

"A ciki?"

"A ciki."

Ya juya fuska wajen bango, ya daɗe. Da ya juyo ya ce, "Ai na ce kada ki zo."

"Yaushe na fara jin maganarka?"

"Kin ɓata mini ƙarya. Kwana uku ina tsara ta."

"Ba ta yi kyau ba. Ka bar wa masu sana'ar."

Nas ta shigo da tire. Na matso da kujera, na gyara murya, har na tanadi ƙaryar da zan shirga masa. Sai kawai ya miƙa hannu kamar mai gaisawa, ko ido bai ƙifta ba. Ya ce, "Na saba." Ban ji daɗi ba. Na fi son wancan matsoracin nawa.

Maganar taga kuwa gaskiya ya faɗa, rufin gidaje ne kawai, da tankunan ruwa, da shanyar mutane. Mun daɗe muna kallo tare. Ya nuna mini inda yake tsammani shagonsa na da yake. Na ce ba nan ba ne. Muka yi ta musu. Ni ce da gaskiya.

Talata, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da shi ƙarfe takwas da kwata, ta ƙofar da ke ƙarshen baranda. Ya ba ni tabaraunsa in riƙe. Ya ce kada in goge da bakin zani, yana karcewa.

A nan na kwana a kan benci, alfarmar kwana ɗaya in ji su. Ɗazu shugabar nas-nas ta zo, wata doguwa mai takalmi mai ƙara. Ta ce, "Mama, aikin zai daɗe, kuma ko an fito da shi sai ya yi kwanaki. Doka ba ta yarda mai ziyara ya zauna ba. Ki bari 'yarki ta sauka da ke, in ya so gobe ki dawo."

Gobe in dawo. Ita a wajenta hawa da sauka kamar shan ruwa ne.

Uwar Kaji ta buɗe baki za ta yi bayani, na taka mata ƙafa. Na ce, "'Yata, sau ɗaya ya rage mini in shiga abin nan a duniya, kuma ba ni kaɗai zan shiga ba. Ranar da za ku sauko da shi, ko a yaya za ku sauko da shi, ku kira ni. Kafin nan, in dokar taku tana da ƙarfi, ta zo ta ɗauke ni."

Ta dube ni, ta dubi sandata, ta dubi ƙofar ƙarshen baranda. Ta juya ta tafi, takalmi na ƙara.

Ta dawo da matashin kai.